Fuskar da Muka Ɗinka wa Yaya

Sana'ar Gwaggo a Guangzhou buga fuskokin 'yan siyasa ce. Tana sayen mayafai da dogayen riguna a manyan shagunan titin Guangyuan tana aikawa Kano, amma ba da wannan aka san ta ba. Duk ɗan takarar da yake son ganin fuskarsa a jikin atamfa, ko lema, ko hular hana-sallah, yaransa sukan nemo lambarta. Ita ƙanwar Baba ce. Da na gama sakandare na zauna a gida ba ci gaba, sai ta ce a turo mata ni in riƙa yi mata aike, tunda ina ɗan jin Turanci, ita kuma gwiwoyinta sun fara gajiya da hawa benayen kasuwa.

Yayana namiji ɗaya ne, kuma yana Kanada. Karatu ya kai shi, daga baya ya koma tuƙin tirela, ya kama ɗaki a wata unguwa a bayan babban birninsu. Yana da takardar zama amma bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, saboda haka ko ƙuri'a ba shi da ita. Wannan bai hana shi tsunduma cikin siyasarsu ba. Safiyarmu darensu ne, to yawanci idan ina shan shayi kafin mu fita kasuwa yakan kira, ya tambayi lafiyata a gurguje, sannan ya ɗauko zancen zaɓe.

Daga bakinsa na san cewa manyan jam'iyyunsu biyu ne, masu ja da masu shuɗi. Masu ja sun daɗe a kan mulki, kuma a cewar Yaya mutane sun gaji da su: kuɗin haya ya gagari matasa, kayan abinci sun tashi, ga wani haraji da aka ɗora wa mai. Mutuminsa shi ne shugaban masu shuɗi, wani mai kaifin baki, kuma a mazaɓarsa Yaya yake zaune.

"Auta, wannan an gama," haka yake cewa. "Ko masu ja sun sani. Ranar rantsarwa kawai ake jira."

Wata safiya ya ce in sa a yi masa hulunan hana-sallah masu shuɗi, shi da abokansa da suke bi gida-gida suna tallar jam'iyya. Ya ce shuɗi kawai, ba rubutu ba komai. Gwaggo tana daga kicin ta jiyo.

"Hula ba fuska?" ta ce, ta fito da ludayi a hannu. "Kai ɗan nan, wane irin kamfe ne wannan? Wa zai san wanda kake bi?"

"Gwaggo, nan ba a yin haka."

"Ba a yi ne don ba su samu mai koya musu ba. Turo hoton mutumin. Ɗana yana kamfe a ƙasar Turawa, ni ina zaune a bakin injin, a ce ya fita tsirara? Wallahi ba da ni ba."

Yaya ya yi dariya ya turo. Washegari na kai hoton wurin matar da take buga mana kaya, wata 'yar China da muke kira lawban, wato shugaba, kamar yadda ake kiran duk mai shago a nan. Ta kalli hoton ta kalle ni, don ba ta taɓa ganin mun kawo Bature ba. Aka buga hulunan, aka kuma buga yadi shuɗi da fuskar mutumin a jere, kowace a cikin da'ira, yadda ake yi a gida. Wani tela ɗan Kumasi ya ɗinka kaftani da wando a ma'aunin Yaya, har da aiki a wuya. Gwaggo ta ce ba za a jira kwantena ba, ta jirgin sama za a aika.

Ni ce na ninke kaftanin. Ina ninkewa fuskokin suna kallona, sai na tuna Baba.

Ina firamare aka yi wani zaɓe a gida. Baba ba ɗan siyasa ba ne, gyaran keken ɗinki yake yi. An raba riguna a wani taro, aka ba shi ɗaya mai hoton ɗan takara, ya mayar da ita rigar aiki saboda ba ta da zafi. Ranar da aka faɗi sakamako ya fita sayen kalanzir da ita a jikinsa. Matasa suka tare shi a mahaɗar hanya. A baro aka dawo mana da shi. Na tuna ƙafafunsa suna reto a gaban baron, takalmi ɗaya babu. Ya rayu, amma kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba, kuma yana jan ƙafa har Allah ya karɓi abinsa. Wani maƙwabcinmu da ya fita a ranar bai dawo ba sam. Tun daga nan, duk zaɓe Umma takan sayi abincin kwanaki, ta kulle ƙofa, ta sauke ko da kalandar da ke da hoton wani babba ce. A gidanmu ba a jiran a ji wanda ya ci kafin a cire. Ko naka ne ya ci ko ya faɗi, akwai wanda ransa ya ɓaci, kuma yana kan hanya.

Na yi wa Gwaggo aikin fuskoki da yawa ban ji komai ba, domin ban san masu sawa ba. Wannan karon na san shi.

Kayan suka isa. Yaya ya sa kaftanin ya je wani gangami, ashe a ƙasar kaf ba wanda ya taɓa ganin irin haka. Mutane suka yi ta tsayar da shi suna ɗaukar hoto. Hoton ya yawata a waya, har ya zagayo Kano, har ya zagayo mana nan. Gwaggo ta riƙa nuna wa mutane a kasuwa.

"Auta, na zama sananne," in ji Yaya. "A gidan mai ma jiya wani ya gane ni, ba ma kaftanin a jikina."

Ya faɗa ne don in yi murna. Ni kuwa abin da na ji shi ne: sun san fuskarsa, sun san inda yake shan mai.

Daga nan al'amura suka fara juyawa. Shugaban masu ja da aka gaji da shi ya sauka, suka ɗauko wani sabo, wanda ya taɓa riƙe babban bankin ƙasar. Shugaban Amurka kuma, maƙwabcinsu, ya ɗora wa kayansu haraji, ya riƙa cewa gara ma ƙasar tasu ta zama jiha a cikin tasa. Muryar Yaya ta canza. Ya daina cewa an gama. Ya ce yanzu idan suka ƙwanƙwasa ƙofa suka fara zancen kuɗin haya, sai mai gidan ya katse su ya ce shi ba wannan ne a gabansa ba, ƙasar ce ake son haɗiyewa. Ya ce mata musamman, da sun ga shuɗi sai su ce mutuminku yana magana irin ta wancan na ƙetaren iyaka.

"To yana yi?" na tambaye shi.

"Sharri ne. Shi dai ba ya tauna magana."

Na roƙe shi abu ɗaya. Na ce ya sa kaftanin duk ranar da ya ga dama, amma ban da ranar sakamako.

"Ke Auta, nan ba gida ba ne."

"Yaya, don Allah."

"To na ji, hajiyar tsoro. Gaishe da Gwaggo."

Ranar da suka yi zaɓe, darensu ya faɗo a safiyarmu. An kwana ana ruwa, gari ya yi dumi mai ɗanko irin na nan. Muna fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, cikin ayarin masu jan akwatuna da manyan buhuna zuwa Guangyuan, saƙonsa ya shigo. Hoto ne. Yana tsaye a ƙofar zauren da magoya baya suka taru jiran sakamako, ya ɗaga yatsu biyu, kaftanin a jikinsa, hular a kansa. Na tsaya cik a tsakiyar hanya har wani mai amalanke ya daka mini tsawa.

"Kai, ya yi kyau," in ji Gwaggo. "Dubi yadda aikin wuyan ya zauna."

Muna hawa na uku a shagon mayafai, Gwaggo tana ciniki da na'urar lissafi, sai ga Alhaji ya leƙo. Mutumin Maraɗi ne, dattijo, sun daɗe suna haɗa kaya a kwantena ɗaya da Gwaggo, kuma kullum da abin sauraro a kunnensa yana jin labarai da Faransanci. Ya zare abin daga kunne yana murmushi.

"Hajiya, mutumen naku ya sha ƙasa hwa. Yanzu sunka faɗi. Masu ja sun koma."

"Haba Alhaji, da sassafe? Radiyon nan taka ta taɓa faɗin gaskiya?"

"Ta fi injin ɗinki gaskiya. Ke kin buga mai hoto, su sun buga mai ƙuri'a."

Suka yi dariya. Ni ban san lokacin da na ajiye mayafan da ke hannuna ba. Na fito baranda na kira Yaya. A nan sai ka kunna VPN kafin kiran waje ya shiga, kuma a ranar abin ya yi ta juyawa yana juyawa. Da ya kama, wayar ta yi ƙara har ta katse. Na sake. Na sake. A kira na gaba ko ƙarar babu. Na tura saƙo: Yaya cire rigar. Saƙon bai nuna ya isa ba.

Na sauka ƙasa a guje, wai ko ginin ne yake tare kiran. Na tsaya a kan gadar masu tafiya a ƙafa, ruwa yana jiƙa mini hijabi, motoci suna wucewa a ƙarƙashina. Na buɗe labarai. Na ga zauren masu shuɗi, mutane sun yi jugum, wasu suna ihu. Na ga masu ja suna tsalle suna kaɗa tutoci. Na ga fitilar motar 'yan sanda a bakin wani gini. Na san yanzu cewa ba komai ba ne, amma a lokacin na gane kowane hoto. Haka namu ya fara, da murna a wani layi da shiru a wani layi.

Na nemi kaftani shuɗi a cikin taron ban gani ba.

Shagon lawban ba nisa, na ruga can. Na nuna mata lambar, na nuna wayarta, ina haɗa Turanci da hannu. Ta gwada, ta girgiza kai. "Meyo," ta ce, wato babu, layinta ba ya kiran waje. Ta dube ni da kyau, ta jawo kujera ta zaunar da ni, ta zuba mini ruwan zafi a kofin takarda. Ta tambaya ko kaya ne suka lalace. Na rasa yadda zan ce mata kayan sun yi kyau, shi ne matsalar.

A nan Gwaggo da Alhaji suka same ni. Gwaggo ta fara faɗa, wai na bar ta da kaya kamar mahaukaciya, sai ta ga fuskata ta sassauta murya.

"Bai ɗauka ba?"

"A kashe take."

"To dare ne a can. Barci yake."

"Gwaggo, da kaftanin ya fita. Kowa ya san shi. Har gidan mai an san shi."

Ita ma tana gidanmu ranar da aka kawo Baba, ita ce ta riƙe kwanon ruwan da aka wanke masa kai.

Ana azahar a nan Umma ta kira, ta idar da sallar asuba ke nan a can. Ban taɓa gaya mata zancen kaftanin ba, ashe maƙwabta sun nuna mata hoton tuntuni ta yi shiru da bakinta.

"An faɗa?" ta ce, ko gaisuwa babu.

"An faɗa, Umma."

"Ya cire?"

"Ban same shi ba tukuna."

Na ji numfashinta. Sannan ta ce, "Ba ni Gwaggonki."

Ban ji abin da ta ce mata ba. Gwaggo ta juya mana baya, ta fuskanci tarin yadi, ba ta ce komai ba sai "na'am, Yaya" da "haka ne, Yaya", don haka take kiran Umma, matar wanta. Sannan ta miƙo mini wayar.

Na ce zan tafi Tianhe, na ji ofishin jakadancin Kanada yana can. Alhaji ya ce, "Ɗiyata, in kin tai mi za ki ce musu? Wana ya sa riga?" Ya kamata ya wuce tashar jiragen ruwa ta Huangpu duba lodin kayansa, amma ya kira yaronsa ya ce a ɗaga zuwa gobe. Ya kai mu wani gidan abinci na Musulmi a bayan kasuwa, ya sa aka kawo taliya da naman rago. Ban iya ci ba. Ya zauna yana magana a hankali, ina ganin don ya shagaltar da ni ne, amma na riƙe abin da ya faɗa.

Ya ce mutumin Yaya bai yi mugun faɗuwa ba, jam'iyyarsa ma ta ƙara kujeru. Abin da ya kayar da shi, ya shekara da shekaru yana shirin kokawa da mutum ɗaya, ya haddace duk laifinsa, ranar da aka shiga fili sai ya tarar an canza abokin karawa. Sabon kuma da hawansa ya soke harajin man da ake ta kuka a kansa, sai mutumin ya rasa babbar sandarsa. Ga maƙwabci yana barazana, mutane suka tsorata, mai tsoro kuwa ba mai zafin baki yake nema ba, mai sanyin kai yake nema wanda ya san harkar kuɗi. Har magoya bayan ƙananan jam'iyyu suka bar nasu suka bi ja, ba don suna sonsa ba, don dai kada wancan ya hau.

"Bon, kin gani," ya ce, "ba ƙiyayya ba ce irin wadda kike tunani. Tsoro ne. Su ma tsoro sunka ji."

"Alhaji, waɗanda suka tare Baba ma tsoro suka ce suna ji. Wai za a sace musu ƙuri'a."

Ya mayar da abin sauraronsa kunne. Can ya ce mutumin ya fito ya amince da kaye, har ya taya abokin hamayyarsa murna. Gwaggo ta ce alhamdulillahi. Ni ban ce ba. Manya kullum suna gaisawa a talabijin, ba su ne suke tsayawa a mahaɗar hanya ba.

Wajen la'asar Alhaji ya sake zare abin daga kunne. Na ga yana shawarar ko ya faɗa.

"Mene ne?"

"Ba komi. Kujerar mutumen naku ce ta majalisa. Wai ita ma ta tafi. Mutanen mazaɓarsa sun zaɓi na ja."

Duk yinin ina gaya wa kaina cewa ko me ya faru a gari, idan Yaya ya isa unguwarsu ya tsira, tunda unguwar mutuminsa ce. Ashe layin da yake kwana ma ba nasu ba ne. Mutanen da ya yi ta ƙwanƙwasa wa ƙofa da fuskar nan a ƙirjinsa, su ne suka kayar da ita. Sun san ƙofarsa kamar yadda ya san tasu. Shi kaɗai ne baƙar fata a layin, shi ya gaya mini da bakinsa, kuma ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da kowa.

Ban san yadda muka koma gida ba. Na tuna a cikin jirgi wata yarinya tana kallona tana jan hannun uwarta, sai na lura ashe ina karanta addu'a da ƙarfi. Na tuna Gwaggo ta riƙe mini gefen hijabi kamar ƙaramar yarinya. A gida ta shiga ɗaki ta fito da ragowar yadin da ta ajiye wai za ta yi zani, ta cusa shi a baƙar leda ta tura ƙarƙashin gado.

Mun sallame magariba ke nan, ina zaune a kan darduma, wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo. Na kasa dannawa, Gwaggo ce ta danna.

Yaya ne, a kicin ɗinsa, hasken safiya a bayansa, idanunsa sun kumbura da barci. Kaftanin yana jikinsa duk ya yamutse.

"Lafiya? Na ga kira kamar an yi mutuwa. Umma ce?"

Gwaggo ce ta fashe.

"Kai don ubanka ina ka shiga? Ka kashe waya ka bar mu muna mutuwa a tsaye?"

"Gwaggo, 'yan iskan abokaina ne. Tun kafin a gama ƙirga suke turo hotona suna tsiya, wai in kawo kaftanin a yi labule. Shi ne na kashe na kwanta. Wallahi ko cire kaya ban yi ba, raina a ɓace yake."

"Ba wanda ya bi ka?" na samu na ce.

"Ya bi ni ina?"

"Ba a ƙona komai ba? Layinku fa? Yaya, an ce layinku ma ja suka yi."

Ya dube ni ta cikin wayar, dariyar da ya fara ta tsaya. Ya girme ni sosai, shi ne ya tura baron nan daga bakin layi zuwa ƙofar gida.

"Auta," ya ce a hankali. "Ba komai. Tsaya ki gani."

Kafin in gane nufinsa ya juya kyamarar ya buɗe ƙofa. Na ƙwala ihu ya cire rigar tukuna, amma ya riga ya fita. Na ga titi a jiƙe, motoci a jere, wata motar makaranta ruwan ɗorawa tana wucewa. A gidan da ke kallon nasa wata tsohuwa Baturiya ta sunkuya tana cire allon kamfe daga ciyawar ƙofarta. Allon ja ne. Ta fizge shi, ya fito da dogayen ƙafafunsa na ƙarfe. Ta ɗago ta ga Yaya. Sai ta tsallako titi ta nufo shi, ƙarfen a hannunta.

"Yaya gudu! Shiga gida! Yaya!"

Daga baya Gwaggo ta ce maƙwabtanmu 'yan China sun buga bango saboda ihuna. Ni ban ji ba. Ƙarfen kawai nake gani yana ƙara girma.

Matar ta iso ta jingina allon a jikin motarsa. Ta dafa masa hannu. Da ɗan Turancina na gane tana cewa ta yi masa jaje, ta san ya sha wahala, ko ya samu barci? Sai ta jiyo kukana ta tambaya wa ke nan. Ya ce ƙanwarsa ce a China, tana tsoron kada a taɓa shi saboda sun faɗi. Matar ta leƙo fuskarta cikin wayar, har ina ganin layukan da ke gefen idonta. Ba ta yi dariya ba, na gode mata da wannan. Ta ce mini yayana yaron kirki ne, shi yake kwashe mata ƙanƙara a ƙofar gida lokacin sanyi.

Yaya, da yake ba ya barin magana, ya ce mata to me ya sa ta yi masa haka, bayan ya zo ƙofarta har ta ba shi shayi. Ta yi magana mai ɗan tsawo, shi ya fassara mana daga baya. Ta ce ita da marigayi mijinta shuɗi suka saba zaɓa, shi kansa mutumin ta sha ba shi ƙuri'arta. Amma ta daɗe tana kallon yadda yake laƙaba wa mutane suna, yana yi wa masu tambayarsa gatse, ba ta so, tana haƙuri. Da maƙwabci ya fara zancen haɗiye ƙasar, ta zauna tana jiran ta ji ransa ya ɓaci da wancan kamar yadda yake ɓaci da 'yan gida, ba ta ji yadda take so ba. Ta ce jikokinta a kamfanin da yake sayar wa Amurka kaya suke aiki. Ta ce game da tsadar haya yana da gaskiya, har gobe yana da gaskiya, amma ba za ta miƙa ƙasa a irin wannan lokaci ga mutumin da ba ta taɓa ganin ya yi shiru ya saurara ba. Sannan ta kama hannun kaftanin ta murza yadin da yatsa, ta ce ɗinkin ya fi mai fuskar kyau, ta ɗauki allonta ta koma.

Gwaggo ta yi wata irin dariya mai haɗe da kuka, ta tashi ta shiga ɗaki kiran Umma.

Yaya ya koma ciki ya rufe ƙofa. Na ce ya murɗa makulli in ji. Ya murɗa. Ya ce zai yi wanka ya tafi aiki, zai kira ni anjima.

"Kar ka kashe."

"Auta, kin fa gani da idonki."

"Na gani. Kar ka kashe."

Bai ƙara musu ba. Ya jingina wayar da gwangwanin sukari, ya ɗora buta a wuta. Ina ganin rabin bayansa da tagar kicin. Daga ɗaki ina jiyo Gwaggo tana cewa, "Lafiyarsa ƙalau, Yaya, na gan shi, wallahi na gan shi." Na gyara zama a kan darduma, na ƙara sautin wayar har ƙarshe. Butar ta fara kuka. Ni kuwa tagar nake saurare, ko zan ji ƙafafu a waje.